Yadda A Ke Sauraron Wayar Iska Ta 'Yan Sanda Da 'Yan Kwana-Kwana A Amurka

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da malaman ofisoshinsu, waɗanda yau da gobe aiki ya kan haɗa su da ma'aikatan tsaron lafiyar jama'a, watau 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana masu kashe gobara, da masu motocin asibiti. Duk waɗannan ma'aikata da wayar iska su ke magana da junansu, wadda jama'a suka fi sani da sunan oba-oba. Magana kuwa in ta hau iska ba ta da shinge. Wanda aka nufa da ita zai ji, wanda ba a nufa ba shi ma zai ji, muddin yana da akwatin da ya dace. Ƙasar da wannan al'amari ya fi ƙarfi ita ce Amurka, inda sauraron rediyon 'yan sanda ya zama sana'a ga 'yan jarida, ya kuma zama abin sha'awa ga mutane da yawa a gidajensu. Sabo da haka daga can za a ɗauko misalan da ke cikin wannan takarda.

Asalin abin

A shekarar 1928 ne 'yan sandan birnin Detroit, cikin jihar Michigan, suka fara aika wa motocinsu umurni ta wayar iska a kai a kai. A sa'an nan maganar ta gefe guda ce: ofis ya faɗa, na cikin mota ya ji, amma ba shi da ikon amsawa, sai ya sauka ya nemi tarho. A 1933 garin Bayonne, cikin jihar New Jersey, ya sami na'urar da mota za ta ji ta kuma amsa. A 1940 wani injiniya mai suna Daniel Noble ya shirya wa 'yan sandan jihar Connecticut irin wadda ke aiki da FM, wadda ƙarar inji da tartsatsin lantarki ba su cika dame ta ba.

Tun daga farko jama'a suna ji. Mitar da 'yan sanda suka fara aiki da ita tana daf da ƙarshen matsakaicin zango, har mai akwatin rediyo na gida in ya murɗa allura zuwa ƙurewa sai ya ji ana kiran mota kaza ta tafi unguwa kaza. Da aka ɗaga su zuwa mitoci na sama, waɗanda akwatin gida ba ya kamawa, sai 'yan kasuwa suka ƙera akwati na musamman. Wani kamfani mai suna Electra, a jihar Indiana, ya fito da nasa a 1968, ya sa masa suna Bearcat. Irin wannan akwati shi a ke kira sikana, ana kuma iya ce masa akwatin lalube, domin aikinsa ke nan: yana bin layukan da aka sa masa ɗaya bayan ɗaya da sauri, in ya tarar ana magana a wani sai ya tsaya, in an gama ya ci gaba da lalube. Ba ya aika magana, kunne ne kawai ba shi da baki. Na farkon kowane layi sai an saya masa ɗan dutsen kiristal nasa an soka a ciki. Wajen tsakiyar shekarun 1970 aka sami waɗanda mutum zai danna lambar mita da yatsa, ba sauran sayen dutse.

Muddin kowace ƙungiya tana da layinta tabbatacce, sauraro ba wuya. Wanda ya san lambar layin 'yan kwana-kwana ya gama, kullum a nan zai same su.

Dalilin da ya sa aka sake tsari

Mitocin wayar iska ba su da yawa kamar yadda mutum zai zata. Kamar ƙasar noma su ke, suna da iyaka, kuma akwai hukuma mai rabo, wadda a Amurka a ke kira FCC. Da birane suka bunƙasa sai layuka suka yi kaɗan. Abin takaici kuma, waɗanda aka rarraba ɗin ba a cin amfaninsu sosai. Layin masu gyaran famfo ya kan wuni ba a yi maganar minti goma a kansa ba, alhali a na 'yan sanda ana ta rububi, mai neman taimako yana jiran wani ya gama dogon bayani.

Misalin abin shi ne kwata a bakin gulbi. A ce kowane mai sarauta ya ɗaure jirginsa, ba mai shiga sai mutanensa. Ran kasuwa sai a ga jirage tara suna ɗaure ba kowa, na goma kuwa mutane sun yi masa cincirindo, waɗansu har rana ta faɗi ba su haye ba. To, in aka tara jiragen nan goma a hannun Sarkin Kwata, duk wanda ya zo ya nuna masa wanda ba kowa, ya haye, jirgi ya komo ya jira na gaba, sai a ga jirage goman nan sun ishi jama'ar da a dā ashirin ba su ishe ta ba. Dalili kuwa shi ne, da wuya kowa da kowa ya bukaci fito a lokaci guda.

Wannan dabara ba a wayar iska aka fara ta ba. Kamfanonin tarho sun daɗe da ita, domin ba su ja wa kowane gida wayarsa daga gari zuwa gari, sai 'yan wayoyi kaɗan da kowa ke karɓa-karɓa. Wani masanin lissafi na ƙasar Danmak, A. K. Erlang, wanda ya yi aiki a kamfanin tarho na Kopenhagen, shi ya fitar da ƙa'idar lissafin a rubuce-rubucensa na 1909 da 1917, watau yadda za a san wayoyi nawa za su ishi masu kira kaza ba tare da an sha jira ba. Har yanzu da sunansa a ke auna nauyin kira. A shekarun 1970 hukumar FCC ta karɓe waɗansu mitoci daga hannun tasoshin talabijin, wajen megahaz 800, ta ba masu wayar iska, ta kuma ƙarfafa cewa manyan masu aiki da su su bi hanyar karɓa-karɓa. Ƙungiyar ma'aikatan sadarwa na tsaro, wadda a ke kira APCO, ta zauna ta tsara abin da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ke bukata a irin wannan tsari, kamfanoni kuwa irin su Motorola, da General Electric, da E. F. Johnson kowanne ya ƙera nasa.

Layin shela da zauruka

Ga yadda tsarin ya ke aiki, nan ne kuwa ya kamata mai karatu ya natsu, gama sauran bayanin duk a kansa ya rataya.

A ce gari yana da layuka goma. Sai a ware guda ɗaya, ba a magana a kansa ko kaɗan. Kwamfuta ce ke riƙe da shi, tana aika alamomi dare da rana ba hutawa. Wanda ya kama layin nan da akwati na yau da kullum ba zai ji kome ba sai gurnani kamar na injin niƙa. Wannan shi ne layin shela, shi ne kuma Sarkin Kwata na misalin da ya gabata. A tsohon tsarin Motorola yana aika alamomi 3,600 a cikin sakan guda, a na General Electric, mai suna EDACS, 9,600. Kowace oba-oba da ke kunne, in ba magana ta ke ba, layin shela ta ke saurare.

Ma'aikata kuma ba a raba su bisa layi, sai bisa zaure. Zauren nan ba gini ba ne, lamba ce kawai da aka rubuta cikin na'ura. 'Yan sandan gabas suna da lambar zaurensu, na yamma suna da tasu, masu binciken asiri da tasu, 'yan kwana-kwana da tasu, har da masu kwasar shara. Gari mai layi goma yana iya yin zauruka ɗari ko fi. Ban da lambar zaure, kowace oba-oba tana da lambar kanta, wadda ba ta kowa ba ce sai ita.

Sa'ad da ɗan sanda ya danna mabuɗin magana, muryarsa ba ta fita nan take. Na'urarsa ta kan fara aika ɗan gajeren roƙo ga kwamfuta: ga lambata, ga zaurena, ina son layi. Kwamfuta ta duba wanda ba kowa, a ce na bakwai, sai ta yi shela: duk 'yan zaure kaza ku koma layi na bakwai. Nan da nan duk na'urorin zauren nan su ƙaura can, ta mai magana ta yi ɗan ƙara a kunnensa alamar an ba shi hanya, sa'an nan ya yi magana. Duk wannan kai da kawowa ba ya kai rabin sakan. Da ya gama, bayan ɗan jinkiri kaɗan, layi na bakwai ya koma hannun kwamfuta, kowa ya koma sauraron shela. In amsar ta ɗan yi jinkiri, mai yiwuwa ne a layi na uku za a ba da ita, na bakwai kuwa ya riga ya tafi ga masu gyaran hanya.

Tsarin yana da waɗansu amfanoni ban da tattalin layi. In duk layuka sun cika, kwamfuta ta kan jera masu jira, ta kuma fifita wanda aikinsa ya fi gaggawa, ba za a bar mai kashe gobara yana jiran mai kwasar shara ba. Akwai maɓalli na musamman wanda ma'aikaci zai danna in ransa yana cikin haɗari, nan take lambarsa ta bayyana a gaban mai kula da ofis, a ba shi layi kafin kowa. In an sace oba-oba, ana iya kashe ta daga ofis ta zama kurma kuma bebiya. In kuwa kwamfutar ce ta lalace, an shirya na'urorin su koma tsohon yayi, kowace ƙungiya a layi tabbatacce, har a gyara. Da aka ga amfanin abin sai aka riƙa haɗa hasumiyoyi masu yawa a tsari ɗaya. Jihar Michigan, inda abin ya faro, ta gama shimfiɗa nata a faɗin jihar duka a 2002.

Ga mai tsohuwar sikana, wannan sauyi masifa ce. Ko ya sa dukan layuka goma cikin akwatinsa, abin da zai ji gutsure-gutsure ne: rabin maganar ɗan sanda, sai direban motar makaranta, sai mai gyaran famfo, amsar da ya ke jira kuwa ta wuce a wani layi bai sani ba. Waɗansu sun zaci an yi haka ne don a toshe kunnen jama'a. Ba haka ba ne, tattali aka nufa, ɓacewar masu sauraro ta zo ne a kan hanya.

Akwatin da ya koyi bin sawu

Tun da ya ke shelar a fili a ke yin ta, duk na'urar da ta iya harshenta za ta iya bin umurninta. A 1997 kamfanin Uniden, wanda sunan Bearcat ya koma hannunsa, ya fito da akwati mai lamba BC235XLT. Shi wannan ba ya lalube layi-layi. Layin shela ya ke tsare, yana karanta alamomi, da ya ji an ambaci zauren da mai shi ya zaɓa sai ya yi tsalle zuwa layin da aka faɗa tare da 'yan zauren, a gama ya komo. Watau ya zama kamar baƙon da ya zauna a ƙofar fada yana jin duk wanda aka kira da inda aka tura shi.

Ba a daɗe ba wata matsala ta taso. Hukumomi suka fara barin aika murya yadda ta ke, suka koma mai da ita lambobi, a aika lambobin, na'urar mai karɓa ta sāke mai da su murya. Wannan shi a ke kira dijital. Tun 1989 ƙungiyar APCO da hukumomin Gwamnati suka fara tsara ƙa'ida ɗaya, mai suna P25, domin oba-obar kamfani kaza ta iya magana da ta kamfani kaza. Muhimmancin haka ya fito fili ran 11 ga Satumba 2001 a New York, sa'ad da gargaɗin da jiragen 'yan sanda masu saukar ungulu suka bayar, cewa bene na shirin rushewa, bai kai ga 'yan kwana-kwana ta rediyonsu ba. 'Yan kwana-kwana 343 suka rasu ran nan. A matakin farko na P25 kowane layi mai faɗin kilohaz 12.5 magana ɗaya ya ke ɗauka. A mataki na biyu ana yanka lokaci gida biyu, magana biyu su bi layi ɗaya suna karɓa-karɓa da saurin da kunne ba ya ganewa. Turai kuwa ta bi tata ƙa'ida, mai suna TETRA, wadda aka tabbatar a 1995, ita magana huɗu ta ke ɗorawa a layi mai faɗin kilohaz 25.

Ya kamata a bambanta abu biyu da mutane su kan gauraya. Mai da murya lambobi ba ɓoye ta ba ne. Kamar rubutun ajami ne ga wanda boko kaɗai ya sani: ba asiri a ciki, koyo ne bai yi ba. Masu ƙera sikana kuwa sun koya wa akwatunansu, tun farkon shekarun 2000 aka fara sayar da masu jin P25. Daga 2012 abin ya ƙara araha, domin masu bincike sun gano cewa wata 'yar na'ura mai kamar yatsa, wadda aka yi don kallon talabijin a kwamfuta, tana iya zama kunnen wayar iska in an haɗa ta da manhajar da ta dace. Da irin wannan mutum ɗaya ya kan ɗauki dukan zaurukan gari a lokaci guda, ya ajiye, ko ya watsa ta intanet kowa ya ji a wayarsa ta hannu.

Mai son sauraro abu uku ya ke bukata ya sani: irin tsarin da garinsa ke aiki da shi, lambar mitar layin shela, da lambobin zauruka da ma'anar kowanne. Lasisin mitoci a Amurka ba asiri ba ne, yana rubuce a littafin hukuma kowa na iya dubawa. Sunayen zauruka kuwa masu sha'awar abin ne su kan zauna su saurara har su gane wannan na wane ne, su tara a rumbu ɗaya a intanet, wanda aka fi sani shi ne RadioReference. Waɗansu akwatunan da aka fara sayarwa daga 2010 da rumbun nan a cikinsu su ke zuwa, mai shi lambar gidan waya ta unguwarsu kawai zai danna. Eriya ba ta da girma: a megahaz 800 ɗan ƙarfe mai tsawon inci uku da rabi ya isa.

Duk da haka akwai inda akwati ya kan gaza. A manyan birane hasumiyoyi da yawa su kan aika magana ɗaya a mita ɗaya a lokaci ɗaya, don kada a sami lungun da ba a ji. Mai sauraron da ke tsakanin hasumiya biyu sai saƙon ya iso masa sau biyu da ɗan bambancin lokaci, murya ta dagule. Sai a 2018 Uniden ya fito da akwatin da aka gina musamman don maganin wannan. Har wa yau, a tsari mai faɗi, hasumiya ba ta ɗaukar maganar zaure sai in akwai ɗan zauren a yankinta. Sikana kuwa ba ta da baki balle ta ce ga ni, sabo da haka mai ita sai ya yi ta jira bai ji kome ba, alhali ana can ana magana a wata hasumiya. Waɗansu marasa hankali su kan sayi oba-oba ta gaske su cusa mata lambobin hukuma don su tilasta wa hasumiya. Wannan ya fita daga sauraro ya zama kutse, laifi ne, yana kuma cinye layin da mai neman agaji zai bukata.

Abin da doka ta ce

A Amurka dokar tarayya ta 1986 ta halatta jin rediyon 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana muddin a buɗe ya ke ga kowa. Ta hana jin tarhon mutane, ta kuma hana fasa maganar da aka kulle. Daga 1994 aka hana ƙera ko shigo da sikanar da ke kama wayar salula. Waɗansu jihohi, kamar New York, da Florida, da Indiana, da Kentucky, da Minnesota, sun taƙaita ɗaukar sikana a cikin mota sai ga wanda ke da izini, a jihohi da yawa kuma wanda ya yi amfani da ita wajen aikata laifi hukuncinsa ya kan ƙaru.

Ingila ba haka ba ce. A can dokar wayar iska, ta 1949 da wadda ta gaje ta a 2006, ta mai da shi laifi mutum ya saurari saƙon da ba a ba shi izinin ji ba, ko da mallakar akwatin ba laifi ba ne. Ban da haka ma, tun wajen 2005 'yan sandansu suka gama ƙaura zuwa tsarin Airwave, wanda ke kan TETRA kuma a kulle ya ke. Kada fa wani ya ji abin da a ke yi a Amurka ya ɗauka ko'ina haka ne.

Amfani da ɓarna

Masu goyon bayan a bar rediyo a buɗe suna da hujja mai ƙarfi. Da sikana 'yan jarida su ke sanin gobara ta tashi ko an yi haɗari, su isa wurin da idonsu, ba sai sun jira abin da hukuma ta ga damar faɗa ba. Sa'ad da wutar daji ko guguwa ta doso gari, mutane su kan ji hanyar da aka rufe kafin a yi sanarwa. Kuma ma'aikacin da ya san jama'a na jinsa ya kan kiyaye harshensa da hannunsa.

Amma abin da a ke faɗa a rediyon aiki ba tabbataccen labari ba ne, ɗanyen zance ne na mutanen da ke cikin ruɗani. Wani ya kira ya ce ya ga mai bindiga, a aika mota, a tarar sanda ce. Mai sauraro ya ji farkon, bai ji ƙarshen ba, domin ƙarshen ta tarho aka faɗa. Abin da ya faru a Boston ya isa misali. Ran 15 ga Afrilu 2013 aka ta da bama-bamai a wurin tseren gudu na birnin, mutum uku suka mutu nan take. Cikin kwanakin farautar masu laifin dubban mutane suka riƙa sauraron rediyon 'yan sanda ta intanet, suna rubuta duk abin da suka ji suna yaɗawa. Aka yayata sunan wani ɗalibi da ya ɓace tun kafin abin, wai an ji an ambace shi a rediyon. Ba shi da hannu ko kaɗan, iyayensa kuwa, da ke cikin baƙin cikin nemansa, suka sha tsangwama. Ran 19 ga wata sai da 'yan sanda suka roƙi jama'a su daina bayyana gidajen da a ke bincikawa, masu watsa rediyon ta intanet kuma suka dakatar da shi na ɗan lokaci.

Ga kuma batun sirrin talakawa. Sunan wadda aka yi wa fyaɗe, da lambar gidan mara lafiya, da tarihin wanda aka tsayar a hanya, duk su kan bi ta iska.

Kulle magana

Sabo da waɗannan dalilai hukumomi da yawa suka juya ga kulli. Tun da murya ta riga ta zama lambobi, sai a hautsina lambobin da wani mabuɗi na lissafi, wanda ba shi da mabuɗin ba abin da zai ji. Kullin da aka fi amincewa da shi, mai suna AES, mabuɗinsa yana da gurbi 256, ba sikanar da ke buɗe shi, doka ma ba ta yarda a gwada ba. Mai sauraro yana ganin lambar zaure ta bayyana a akwatinsa, ya san ana magana, amma shiru ya ke ji.

Birnin Washington ya kulle rediyon 'yan sandansa a 2011, Denver a 2019. A 2020 ma'aikatar shari'a ta jihar Kalifoniya ta umurci 'yan sanda su tsare bayanan mutane da ke bi ta rediyo, garuruwa da yawa suka ɗauki hanya mafi sauƙi, suka kulle kome da kome. Chicago ta fara a 2022, ta bar wa jama'a su ji ta intanet bayan jinkirin minti talatin. New York ta fara da waɗansu unguwannin Brooklyn a 2023. 'Yan jarida suka yi ta ƙara, suna cewa labarin gobara bayan minti talatin toka ne. A jihar Colorado an yi doka a 2021 cewa hukumar da ta kulle rediyonta lalle ta tsara hanyar da 'yan jarida za su riƙa ji. Garin Palo Alto kuwa, bayan ya kulle, ya sāke buɗewa a 2022, ya koma aika bayanan sirri ta wata hanya dabam. Ga alama wannan ta fi kusa da adalci: zauren masu binciken asiri da na masu kai samame a kulle, zauren aike na yau da kullum a bar shi a buɗe. Tsarin zauruka ya sauƙaƙa haka, domin kowane zaure ana iya kulle shi shi kaɗai.

Kulli ma ba ya hana sakaci. A 2011 masana na Jami'ar Pennsylvania suka ba da rahoton cewa sun ji maganganun asiri na jami'an Gwamnatin tarayya a fili, domin ɗan makunnin kullin da ke jikin oba-oba yana da saurin rikitarwa, mai magana yana zaton a kulle ya ke alhali a buɗe. A 2023 waɗansu masana na ƙasar Holan suka nuna cewa ɗaya daga cikin kulle-kullen TETRA, mai suna TEA1, wanda aka fi sayar wa 'yan kasuwa da ƙasashen waje, mabuɗinsa mai gurbi 80 an rage ƙarfinsa zuwa 32, har kwamfuta ta gida tana iya fasa shi. 'Yan sandan Turai galibi da wani kulli dabam su ke aiki.

Abin da ya shafi ƙasar nan

A Nijeriya dokar wayar iska ta 1961 ta sa kafa tashar wayar iska ko aiki da ita sai da lasisi. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar shimfiɗa tsarin sadarwa na tsaro, wanda aka gina bisa fasahar wayar salula, irin wanda sikanar da aka bayyana a sama ba ta bi. Wanda ya ga irin akwatin nan a kasuwa, ko aka kawo masa tsaraba, ya fara tambayar ofishin 'yan sanda na yankinsa kafin ya kunna.

Abin da ya fi kusa da Hakimai shi ne ƙananan oba-oba masu araha da 'yan sintiri da 'yan banga ke riƙewa a garuruwa da ƙauyuka. Yawancinsu ba layin shela, ba zaure, ba kulli. Layi ɗaya ne a buɗe, irin na Amurka kafin shekarun 1970, duk wanda ya sayi irinta a kasuwa ya lalubo lambar zai ji kome. Akwai wata alama da a ke sa musu don kada hayaniyar wasu ta dame su, masu sayarwa su kan ce ta sirri ce, amma kunnen mai ita kawai ta ke tacewa, ba ta hana na waje ji. Sabo da haka ya kamata Hakimi ya gargaɗi dagatai da shugabannin sintiri kada a ambaci sunan wanda ya kawo rahoto a oba-oba, ko hanyar da za a bi da dare, ko yawan mutanen da ke gadi, irin wannan sai baki da baki ko ta hannun amintaccen manzo. Malamin ofis kuma, in an kawo masa labari aka ce a oba-oba aka ji, ya rubuta lokacin da sunan wanda ya ji, ya nuna a takardar cewa ji ne ba tabbaci ba, kada ya aika da sunan kowa gaba a kan zargi sai Hakimi ya tura an gano.